Yadda Na Damƙa Bafulatani a Hannun Babarbare

To, sannunku da dawowa daga bita. Na ga riguna iri ɗaya, na ga huluna, har da jaka mai rubutu a jiki. An ce mini a otal aka sauke ku, aka koya muku yadda yaro zai hana ɗan'uwansa yaro shan ƙwaya, aka cika ku da shinkafa da kaza, aka miƙa wa kowa takardar shaida. Madalla. Na kuma ji ɗayanku yana cewa aikin ba wuya, zama ne kawai da yara a makaranta ko a asibiti, a yi hira, a tafa, a ɗauki hoto. Ai kuwa kun huta. Mu da muka yi shi tun ba a raɗa masa suna ba, ashe wahalar banza muka sha. Tunda dai kun zo gaishe ni kuma kun tambaya, ku kife wayoyin nan a kan tabarma ku saurara.

Ni malamin asibiti ne, irin waɗanda mutanen ƙauye ke kira likita don ba su taɓa ganin na gaske ba. A Roni na fara, daidai lokacin da ake ta hidimar samun mulkin kai, a ɗakin shan magani na En'e. Maigidana Baba Tanko ne, tsohon soja da ya koyi ɗaurin ciwo a yaƙin Bama, ya dawo gida da ɗingishi da faɗa. Ranar da aka kai ni wurinsa na sha farar riga, a zatona allura za a miƙo mini in fara tsira wa jama'a. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ne sabon likitan? Barka da sauka, ranka ya daɗe. Ga bokiti can." Na wanke kwalabe har fatar hannuna ta yi fari. Na dafa sirinjin gilashi a kan risho, na wasa bakin allura a dutse in ta dakushe, don a zamanin ba a yar da allura, tare kuke tsufa. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya: almakashi, auduga, aidin, shuɗin maganin gyambo, bandejin da ake wankewa a shanya a sake naɗewa, sai manyan kwalabe na maganin tari da na ciki da na zazzaɓi.

Masu zuwa kuwa, Allah ya ba ku irin haƙurin da ya ba mu. Tsohuwa za ta taso tun daga bayan duwatsu da ciwon kai, ka ba ta ƙwaya ta ture, ta ce ita allura ta zo, in babu allura to ba a duba ta ba. Manomi ka ba shi kwalbar da zai yi mako yana sha, yana fita bakin ƙofa ya ɗaga kai ya shanye, wai aiki na jiransa a gona. Wani makiyayi ya taɓa zuwa ya kwatanta mini ciwo tiryan-tiryan, zawo da ƙin abinci da dalalar da yawu. Na haɗa masa magani, na yi masa bayani. Sai da zai tafi ya waiwayo ya tambaye ni ko a ruwa zai jiƙa mata ko a dusa. Ashe tun ɗazu saniya muke dubawa.

Da na gama da bokiti sai Baba Tanko ya ƙara mini girma, ya ajiye ni a benci a bakin ƙofa. Aikina in hango mai zuwa tun daga nesa, in faɗi abin da ke damunsa kafin ya yi sallama. In na kuskure, ranƙwashi. Ya ce mini mara lafiya ba ya faɗin gaskiya, ba don mugunta ba, don kunya. Wanda ya rako shi, shi ne mai labari. Saboda haka in mace ta zo da ƙawarta, ko saurayi da abokinsa, sai ya tura ni in kai wa ɗan rakiyar ruwa, in ja shi da hira a gindin dalbejiya. Kafin Baba Tanko ya zare ma'aunin zafi daga hammatar mara lafiya, ni na san abin da aka ci, da tun yaushe abin ya fara, da bokan da aka fara kai wa kaza. Wannan darasin na tabbata babu shi a jakarku, don ba ya kyau a hoto.

Na yi aiki a Gwiwa, na yi a Babura, inda rabin masu zuwa daga tsallaken iyaka suke. A can na fara ganin ƙwayar da ake kira a-ji-garau. Kuɗin man fetur sun shigo ƙasa, ana ta fasa hanyoyi da gina madatsun ruwa, leburori da direbobin tifa suka zo mana da ita. 'Yar ƙaramar aba ce, ba ta kai ƙwayar wake ba. Mutum ya haɗiya ya wuni yana haƙa, ba yunwa ba gajiya, yana ta zuba surutu, yana jin duk duniya babu kamarsa. Masu tallan magani a kan keke suka ɗauka, ranar kasuwa suna jera ta kusa da man zafi da maganin tsutsar ciki, ba mai ce musu don me. Manoma suka karɓa don huɗa. Daga nan ta gano inda kasuwarta ta gaskiya take, wato makarantar kwana, inda yara ke son su haddace littafi guda kafin jarrabawa. Su kuma da yake 'yan boko ne, suka sake mata suna, suka ce hana-barci.

Shekarar da aka mayar da ni ɗakin maganin wata makarantar kwana ta maza a ƙasar Kazaure, ita ce muguwar shekararmu. Shekarar farin nan ce da shanu suka yi ta faɗuwa a gefen hanya, gero ya ƙone tun bai fid da kai ba. Yara da yawa sun san babu komai a rumbun gidansu, sun san in suka faɗi jarrabawa babu abin da za su koma su tarar. Sai na fara samun baƙin cututtuka. Wani ya yanke jiki ya faɗi ana tsaka da taron safe. Wani ya hau rufin ɗakin cin abinci da rana tsaka yana karanta wa tsuntsaye lissafi. Wani yaro mai hankali, ɗan wajen Achilafiya, ya rantse akwai masu binsa da wuƙa. Shi sai da aka ɗaure aka sa a mota zuwa Kano, kuma bai dawo makaranta ba. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Ba a zauna haka ba, an yi ƙoƙari. Aka turo mana masu faɗakarwa daga birni da babban allo, an zana kowace ƙwaya da launinta da sunanta da irin aikin da take yi a jiki. Yaran suka natsu sosai, har da masu rubutawa. Wanda da bai san ja ta fi fara ƙarfi ba, ranar ya sani. Bayan nan aka zaɓo shugabannin ɗalibai, yaran kirki masu karin guga a wando, aka ce kowa ya riƙa yi wa 'yan ɗakinsa nasiha, mai matsala ya same shi. Haba jama'a! Wane yaro ne zai kai asirinsa wurin wanda ke rubuta sunayen masu surutu? Da duk aka gaji, shugaban makaranta ya tsaya gaban taro ya ce duk wanda aka kama da ƙwaya ya ɗauki akwatinsa, babu roƙo babu ban-haƙuri. Ban ga laifinsa ba. 'Ya'yan mutane ne a wuyansa, kuma da idonsa ya ga wanda aka sa a mota.

Ni kuma sai na koma wa aikin benci. Duk yaron da na ga alama a jikinsa, ba na tambayarsa komai, sai in nemo masa ɗan rakiya. A nan sana'ar take, ku da kuka ce ba wuya. Ba ka haɗa shi da ɗan garinsu, don labari zai riga shi isa gida. Ba ka haɗa shi da na gaba da shi, don zai mai da shi mai wankin kaya. Ba ka haɗa shi da ustazu, don wa'azi zai yi masa har ya ji gara ƙwayar. Ba ka haɗa shi da matsoraci. Sai ka yi ta kallon yara a layin abinci da filin ƙwallo har ka gano wanda zai iya gaya masa magana mai zafi, gobe kuma su ci abinci tare. Wani haɗin ya ɗore, wani ya watse. Akwai wasu biyu da na haɗa, suka shaƙu ƙwarai da gaske, har ƙwaya ɗaya suke rabawa biyu.

Wata safiya aka kawo mini Buba daga gonar makaranta, fartanya ta sare shi a ƙafa. Buba ɗan fari ne ga wani ardo da rugarsu ke tsakanin Gwiwa da Roni, kuma shi ne yaro na farko da aka taɓa saki daga rugar nan zuwa makarantar gaba da firamare. Na san uban tun ina Gwiwa. Sai da aka yi ta lallashinsa kafin ya yarda, kuma ya faɗa a gaban mutane cewa gwaji ne: in boko ya lalata wannan, zai kwashe ƙannensa da ke firamare, kuma babu ɗan rugar da zai sake taka aji. Buban da na sani, gaisuwa ma sai ka sa kunne kafin ka ji. Amma ran nan ina wanke ciwo yana ba ni labarin kogunan duniya, daga ina suka taso, ina suka faɗa, bai ko haɗiyi yawu ba. Na zuba aidin, wanda ke sa ƙato kiran uwarsa, yaron nan ko gezau. Na ɗaga kai na dube shi. Leɓe ya bushe ya tsage, muƙamuƙi na tauna babu komai a baki, baƙin idonsa ya buɗe ga shi muna cikin hasken rana. Wandonsa kuwa da igiya ya ɗaure shi.

Na je wurin kuku na tambaya ko yaron nan na cin abinci. Ya ce, "Ina fa! Ai fulako ne, Malam. Ka san Bafulatani ba ya ci a gaban mutane." Na tambayi malamin ajinsu, ya ce fulako. Na tambayi shugaban ɗakinsu, ya ce fulako. Ikon Allah! Yaron da tun zuwansa yake lashe kwano tare da kowa, sai bana kunyar ta tuna da shi? Kowa ya ga yana bushewa, kowa ya yaba masa da tarbiyya. Da Bahaushe ne ya bar tuwo haka, da tuni an kawo mini shi a kafaɗa.

Na zauna na auna abin. In na kai maganar ofis, Buba ya tafi, ƙannensa sun tafi, rugar gaba ɗaya ta rufe ƙofa. In na kira shi na tambaye shi da kaina, ni sa'an ubansa ne. Zai sunkuyar da kai ya ce, "Babu komai, Baffa," kashegari a nemi akwatinsa a rasa, don kunya za ta kore shi tun kafin shugaban makaranta ya ji labari. In na sa 'yan'uwansa Fulani, za su rufa masa asiri har ya mutu, su ma ba za su iya buɗe baki su ce masa ga abin da kake yi ba. In na sa Bahaushe, ko a yi dambe ko a yi tsegumi. Ina cikin wannan sai ga Modu ya shigo yana riƙe da ciki.

Modu Babarbare ne ɗan wajen Babura, ajinsu ɗaya da Buba, kuma babban abokin cinikina. Ciwonsa na da ilimi, ba ya tashi sai ranar sharar fili ko noman gonar makaranta. An taɓa kama shi da taba, an taɓa kama shi ya tsallake katanga ya je kallon dambe. Hana-barcin ma ya ɗanɗana, ya bari don kansa, wai ta raba shi da tuwo, shi kuwa duk abin da zai shiga tsakaninsa da tuwo maƙiyinsa ne. A taron bitarku na san irin Modu ko ƙofar otal ba za a bari ya shiga ba.

Kun dai san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko shi ma sai an kai ku otal an koya muku? Kowanne na cewa ɗayan bawansa ne tun kaka da kakanni. Babarbare zai tsaya tsakiyar kasuwa ya wanke ardo tas, ardo ya rama, a yi dariya a watse. Babu babba babu yaro a ciki, kuma wanda ya yi fushi shi ya ji kunya.

Modu ya ce, "Malam, yau cikina ne."

Na ce, "Na sani, ai na ga an fito da tsintsiya. Zauna. Ina bawanka Buba?"

"Yana nan yana ƙarewa. Ai na gaya masa boko ba kiwo ba ne."

"Ka san abin da ke ƙarar da shi?"

Ya saki cikin, ya dubi ƙofa, ya rage murya. "Kowa ya sani, Malam, ban da malamai."

"In malamai suka sani fa?"

"Sai gida."

Na ce, "To na ba ka shi. Kwano ɗaya za ku riƙa ci, benci ɗaya za ku zauna, inda ya sa ƙafa ka sa. Ba na son wa'azi. Abin da ka iya shi za ka yi."

"Me na iya, Malam?"

"Rashin kunya."

Ya washe baki ya ce, "Ai kuwa an zo wurin mai shi."

Da rana na laɓe a tagar ɗakin cin abinci don in ga yadda za a fara. Buba na zaune a ƙarshen benci da littafi, ya ture kwanonsa gefe. Modu ya zo ya dire nasa a gabansa, ya juye tuwon biyu wuri ɗaya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Kai bawana! Wa ya ba ka izinin lalata mini dukiya? Kakana ya sayi kakanka da ƙibarsa, kai ka zo kana bushewa. In na kai ka kasuwar Babura yanzu, wa zai taya?" Ɗaki ya ɗauki dariya, don abin da suke ji ke nan kullum. Sannan ya sunkuya kusa da kunnensa ya faɗi sauran. Daga baya ya gaya mini abin da ya ce: "Na san abin da kake haɗiya, na san wurin wanda kake saye. Ci tuwon nan, ko in tashi in ce Bafulatani ya ji tsoron miyar kuka."

Na ga Buba ya ajiye littafin. Da ni na faɗa masa haka, da ya tafi ke nan. Amma Babarbare ne ya faɗa, kuma a gaban mutane ba a barin Babarbare da magana ta ƙarshe. Buba ya ɗago ya ce, "Dube shi, fuska duk zane kamar an yi huɗa an manta ba a shuka ba." Aka sake fashewa da dariya. Ya sa hannu ya yi 'yan lomomi, yana ci yana hararar Modu.

Kada ku ɗauka shi ke nan an tafa an ɗauki hoto. Ranar aka fara wahala. Modu ya kwance wa Buba akwati, ya farke bakin matashi, ya leƙa cikin takalmi, har ya gano ƙwayoyin a cikin ƙarfen gado an toshe da tsumma. Ya kai masai ya zuba. Da la'asar sai ga shi ya shigo mini da leɓe a fashe, jini har riga. Ina ɗinkewa yana magana ta gefen baki: "Malam, bawan nan ashe yana da hannu." Na ce ko ya fasa? Ya ce wa zai bar dukiyarsa don ta yi harbi?

Da ƙwayar ta bar jikin Buba sai ya zube. Barci a aji, barci a masallaci, in ya farka kuma baƙin rai, wani lokaci hawaye haka kawai. Na kwantar da shi a ɗakin magani na ce rama ce da ƙarancin jini, kuma ban yi ƙarya ba. Kayan aikina a kwanakin nan kunun gyaɗa ne, da ƙwayar ƙarin jini, da gado, da bakina da na kulle. Sauran aikin na Modu ne. Yana fitowa daga aji zai zo ya zauna a bakin gadon da kwano, ya zage shi, ya zagi shanu, ya zagi nono da man shanu, har sai Buba ya fusata ya tashi zaune don ya rama. Da ya tashi kuwa sai a tura masa kwano. Modu ya kuma riƙa kwafo wa Buba darasin da ya wuce shi, abin da ya tilasta wa Modun sauraron malami karo na farko a rayuwarsa.

Da jarrabawa ta matso, tsoro ya dawo wa Buba. Ranar kasuwa aka ba ɗalibai izinin fita, ya zame ya nufi wurin mai keken da ke sayar masa. Bai ankara ba Modu na bayansa. Modu ya tsaya kusa da keken ya buɗe maƙogwaro: "Jama'a ku zo ku gani, bawana zai sayi maganin tsutsa! Mai magani, ba shi na shanu, shi ya saba da shi!" Mutane suka taru suna dariya, mai keke ya ga idanu sun yi yawa a kan kayansa, ya naɗe ya hau ya bar kasuwar. Buba ya yi kwanaki ba ya yi wa Modu magana. Modu bai damu ba, shi yana magana isar mutum biyu.

To mai keken nan shi ya kai mu. Haushin cinikin da aka ɓata masa ya sa ya je kasuwar Gwiwa yana ba da labari, wai ɗan ardo ma abokin cinikinsa ne. Wata rana bayan azahar ina naɗe bandeji sai na ji sallama. Ardo ne, da malafa da sandarsa, a ƙasa ya tako. Ya rame har na so in kasa gane shi. Bai je ofis ba, wurina ya zo. Na ba shi benci ya ƙi, ya zauna a ƙasa. Muka gaisa, muka sake gaisawa, bakina ya zarce da sabo na ce ina shanu. Ya ce, "Sun tafi, likita." Na ji kamar in haɗiye harshena.

Can ya ce, "An ce wancan yana shan abin da leburori ke sha." Ba zai kama sunan ba, ɗan fari ne. "Na zo in tafi da shi. In na koma in kwashe ƙananan."

Ƙarya dai ba zan yi wa dattijo ba, gaskiyar kuma in ta fito daga bakina ta zama hukunci. Na ce, "Ardo, bari in kira wanda ya fi ni sani." Na aika aka kira su biyun. Buba ya durƙusa can bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Uban ya mai da fuskarsa bango. Modu kuwa ya shigo kai tsaye, ya dubi tsohon ya tafa hannu.

"A'a! Yau tsohon bawanmu ne da kansa? Ina gaisuwar da ka kawo wa iyayen gidanka?"

Ardo ya juyo a hankali, ya ga zanen fuskar, gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya ce, "Likita, ashe har Barebari kuke ɗauka? Lalle boko ya lalace." Sannan ya dubi Modu sosai ya ce, "Kai ne mai sanin? To gaskiya ne?"

Modu ya ce, "Gaskiya ne, ya sha. Ba iskanci ya sa shi ba. Ya ji shanunku sun ƙare, ya ce in ya faɗi jarrabawa me zai kai gida. Na kama shi, na zubar, ya fasa mini baki, ga tabon nan. Yanzu tuwo yake ci har yana shiga rabona. In ka tafi da shi, ka kai shi inda mai keke ke zuwa duk ranar kasuwa, kuma babu ni a can. Ku Fulani saniya ta yi tari kun sani, amma ɗanku na fari ko kallonsa ba ku iya yi, balle ku tambaye shi abin da ke cin ransa."

Duk ƙasar Kazaure babu mai iya gaya wa ardo wannan magana, ko hakimi, sai wannan ɗan ƙwal ɗin mai fasasshen leɓe. Ardo ya daɗe yana kallon ƙasa yana murza gemu.

Ya ce, "Yana ci, ka ce?"

"Yana ci."

"Yana barci?"

"Har da minshari. Mu ne ba ma samu."

Tsohon ya jawo sandarsa ya ɗora a kan cinya, ya shafa ta tun daga kai har gindi. Ta yi baƙi ta yi santsi don riƙo. Ya ce, "Tun ina saurayi nake kiwo da wannan. Bana babu abin da zan kora da ita. Abin da ya rage mini ga shi can a bakin ƙofa." Ya miƙa ta. "Riƙe, Babarbare."

Na jira in ji abin da Modu zai mayar, don a wasan nan ba a barin Bafulatani da magana ta ƙarshe. Sai na ga ya durƙusa har ƙasa, ya sa hannu biyu ya karɓa, ya ce, "Na karɓa, Baffa."

Ardo ya miƙe, ya yi mini sallama, ya sa malafarsa. Ya bi ta gaban ɗansa bai dube shi ba, ya kama hanyar Gwiwa ba komai a hannunsa. Buba bai ɗago kai ba har tsohon ya sha kwanar katanga. Aka kaɗa ƙararrawar komawa aji. Modu ya je ya tsaya a kansa, ya taɓa kafaɗarsa da bakin sandar a hankali, ya ce, "Buba, tashi mu je."